Ƙullin Ƙarshe a Adakar Inna

Shekarun baya, a ƙarshen wata damina, daidai lokacin da mutane suka duƙufa cire gyaɗa, Allah ya karɓi ran mahaifiyata a ƙauyenmu da ke Kafin Dafga. Ban taɓa ba da labarin abin da ya biyo baya ba, ko a nan da na saba yi muku surutu. Jiya ne na fito da wasu kaya na shanya, ƙamshin kafur ya cika tsakar gida, sai na ji ina son in faɗa.

Mahaifiyata, Inna muke ce mata, ita ce mai wankan gawar mata a ƙauyenmu da na kusa da mu. Ba sana'a ta ɗauke shi ba, don Allah take yi. Tun ina ƙarama na saba da irin sallamar nan da ake yi ƙasa-ƙasa a ƙofar gida. Da ta ji, sai ta ajiye abin da take yi, ta ɗauki mayafi da ƙullin ganyen magarya ta fita. Ni kuwa Allah ya yi ni matsoraciya, ko mushen kaza ba na iya ɗauka. Duk ranar da ta je wanka, ba na cin tuwon da ta tuƙa. Sai in kwanta in ce cikina ke ciwo. Ta san ƙarya nake, amma ba ta taɓa dukana a kai ba. Iyakaci ta ajiye kwanon kusa da kaina ta ce, "Hannun nan dai shi ya raine ki. In ciwon ya lafa kya ci."

Bayan sadakar bakwai 'yan zaman makoki suka watse, aka ce a fito da kayan ɗakinta kafin a zo rabon gado. Mu biyu ta bari, ni da yayana. Shi ya ce kayan mata ba huruminsa ba ne, ya saɓi fartanya ya tafi gona, don gyaɗa ba ta san makoki ba. Aka bar ni da gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta. A lokacin ina da ƙaramin ciki, ya ɗan fara tasowa, bayan na yi ɓari har sau biyu. Kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai.

Kayan ba su da yawa. Jeren kwanukan samira da aka kai ta ɗakin aure da su, ƙorai, faifai, tabarmar sallarta da ta ɓule a wajen gwiwa, takalmin roba da dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya. Ina ta fitarwa idona a bushe, har ina mamakin kaina. Sai da na ɗaga matashinta na ga ɓarin goro a naɗe cikin ƙyalle, ya bushe, ga shaidar haƙorinta a jiki. Ta gutsura ne ta ajiye sauran, za ta ci anjima. Nan na zauna daɓas a ƙasa. Gwaggo ba ta ce min in yi haƙuri ba. Ta bar ni sai da na gaji don kaina, sannan ta ce, "Tashi, da saura. Jawo abin da ke ƙarƙashin gado."

Adaka ce ta ƙarfe, tsohuwa. Na san ta tun ina yarinya amma ban taɓa ganin cikinta ba. Gwaggo ta kwance makulli daga bakin zanenta ta buɗe. Ƙamshin kafur ya taso har sai da na yi tari. A ciki fararen yadudduka ne a ninke, ƙulli-ƙulli har biyar, kowanne an ɗaure shi da siririn ƙyallen atamfa, kowane ƙyalle da irin launinsa.

Na ce, "Gwaggo, ashe Inna tana sayar da yadi ban sani ba?"

Daidai nan yayana ya dawo shan ruwa, ya leƙo ɗakin. Ya sa hannu ya shafa na sama ya ce, "Kai, wannan ai mai kyau ne. A ba tela ya yi wa yara rigunan Sallah."

"Rufa mana asiri, ɗan nan," in ji Gwaggo. "Sauke hannunka. Likkafani ne."

Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi, ya fita ko ruwan bai sha ba.

Gwaggo ta zauna a bakin gado ta yi min bayani. Tsohuwa in ta sayar da gyaɗarta, ko ɗanta ya je Makka ya kawo mata, takan tanadi likkafaninta tun tana da rai. Amma ajiye shi a gida wahala ne. Ga gara, ga ɓera, ga jikoki masu bincike, ga 'ya'ya da in suka gani sai su sa kuka su ce tana kiran mutuwa. Shi ya sa suke kawo wa Inna, tunda dai ita za a kira ranar. Ita take yanka shi, ta ɗinka da hannu, ta yagi bakin zanen mai shi ta ɗaure. Inna ba ta rubutu, ko na boko ko na ajami. Ƙyallen nan shi ne sunan mai kaya.

Na ce, "To nata fa?"

"Nata shi ne a sama, ni na ɗauko ranar. Da shi aka rufe ta. Waɗannan na masu rai ne." Ta dube ni sosai. "Amana ce, ba gado ba. In ɗaya ya ɓata, ko aka ba wata na wata, a wuyan uwarki yake, tana can kwance ba ta da bakin yin bayani. Sai kowanne ya koma hannun mai shi."

Gwaggo ta gane huɗu nan take. Biyu na tsofaffin cikin ƙauye ne, ɗaya na wata tsohuwa a Rogo Ruma, ɗaya na aminiyar Inna, wata Bafulatana da ke Ruwan Bago. Na biyar ne ya tsayar da ita. Ƙyallensa shuɗi ne mai ɗigo-ɗigon rawaya, kuma duk mun san atamfar. Ankon bikin wata 'yar'uwarmu ne da aka yi 'yan shekaru kafin nan, kusan duk matan ƙauyen sun yi shi. Inna ta yi, Gwaggo ta yi, ni ma ina da nawa can a gidan mijina a Karaye. Sauran yadudduka sun fara ja a wajen ninki. Wannan kuwa fari ne fat, sabo, kuma ya fi su nauyi a hannu.

Muka ɗauko ankon Inna muka duba bakinsa, lafiya lau. Gwaggo ta tashi ta shige ɗakinta. Ina jin ta tana jan akwati. Can ta fito tana haki ta ce, "Ba nawa ba ne." Sai kuma kunya ta kama ta, ta ƙara da cewa, "Ba wai tsoro nake ji ba fa."

Saura wanda zai kai wa kowa nasa. Gwaggo ta so ta hana ni, ta ce mai ciki ba ta yawo da irin wannan kaya. Amma ita gwiwoyinta ba sa hawa babur, yayana kuma ba zai shiga cikin gidajen mutane wajen mata ba. Na kira maigidana a waya na faɗa masa. Ya ce, "Ki sauke mata nauyin. Ki riƙa addu'a."

Na fara da na cikin ƙauye. Ta farko na same ta tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Muka gaisa, ta sake yi min ta'aziyya, na kwance mayafi na miƙa mata. Ta dubi ƙyallen ta kwashe da dariya, bakin nan ba haƙori ko ɗaya.

"Ke 'yar nan, aiko ki aka yi ko ke kika zo don kanki?"

"Ni na zo, Iya."

"To madalla. In aiko ki aka yi, ki koma ki ce ban gama ɓara ba."

Ta biyu ba ta yi dariya ba. Ta ƙi karɓa da hannunta, ta nuna min saman wata randa da haɓa, na ajiye. Na yi mata sai anjima, ba ta amsa ba.

Bayan kwana biyu yayana ya ɗauke ni a babur zuwa Rogo Ruma, da hantsi, ƙullin na kan cinyata a cikin mayafi. Tun kafin mu kai gidan muka yi kiciɓis da wani mutum yana tafe da sauri, riƙe da dogon karan dawa, ya nufi bayan gari. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san karan nan. Da shi ake auna tsawon mamaci a kai wa masu haƙa kabari. Yayana ya rage gudu. Da muka sha kwana, sai ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidan da muka zo nema, maza zaune jugum.

Na shiga ciki. Tsohuwar ta cika bayan sallar asuba. Na tarar ana gardama ƙasa-ƙasa a bakin zaure, ɗanta yana so a tura kasuwar Rogo a yanko yadi, matarsa tana cewa a ɗan dakata. Da matar ta ga abin da ke hannuna, ta ga ƙyallen zanen surukarta a jiki, sai ta dafe ƙirji.

"Jiya da la'asar ta ce mana kada a sayi komai," in ji ta. "Ta ce nata na hanya."

Ba wanda muka gaya wa za mu zo. Mu kanmu sai da safen nan muka yanke shawara, don yayana ya so a bari sai ya gama kwashe gyaɗa. Na sha gaya wa kaina cewa ai tsohuwar ta ji rasuwar Inna, ta kuma san ba za a riƙe mata kaya ba, babu wani abin mamaki a ciki. Hankalina ya yarda da haka. Tsikar jikina ce har yau ba ta yarda ba.

Wata daga cikin matan ta ce, "Ashe 'yar mai wanka ce. Shigo ki kama mana." Ban san sanda na kai waje ba. Ina ji wata dattijuwa tana cewa, "Ku ƙyale ta, ba ku ga juna biyu gare ta ba?" Cikin nan ya rufa min asiri, amma ni na san ko babu shi gudun zan yi.

Labari ya riga mu isa gida. A cikin wannan hali kuma na fara bin gida-gida neman mai ƙulli na biyar. Ba wata dabara sai in roƙi kowace mace ta fito da ankonta mu duba bakin zanen, mu ga wanda aka yaga. Ku ƙaddara ku ne. Mace ta yi muku sallama, jiya ta kai likkafani ta tarar da gawa, yau ga ta tana cewa ku fito da zane a gani ko naku ne.

Wata ta ce ta kyautar da nata tuntuni. Wata ta ce ɓera ya cinye nata, har ɗankwalin. Wata ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya ta ce, "Haba 'yar Inna, ki bari mu ci kakar bana mana." Waɗanda suka daure suka fito da shi, sai su baza a kan igiyar shanya, mu bi bakin da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ba mai ko numfashin kirki. In muka kai ƙarshe lafiya sai "Alhamdulillahi" ta kuɓuce musu, sannan su sunkuyar da kai. Waɗanda suka ɓoye ma ashe sun duba a ɗaka, daga baya suka riƙa aiko wa Gwaggo cewa nasu lafiya. Na kowa lafiya.

A gida ma abin ya canja. Kafur ya kama hannuna, ko na wanke da sabulu yana nan. Ranar da na tuƙa tuwo, matar yayana ta ce cikinta ke ciwo, ta je ta kwanta. Na bi ta da kallo kawai. Wannan ƙaryar ai ni na ƙirƙiro ta.

Yayana ya gaji ya ce, "A kai masallaci a yi sadaka da shi mana. Duk wanda ya rasu ba shi da hali a rufe shi. Ai lada ne."

"Sadaka da kayan wani?" in ji Gwaggo. "Ranar da mai shi ta faɗi aka zo nema, ka ce musu me? Uwarka ta cinye?"

Ɗakin Inna an share shi tas, babu komai sai adakar nan a tsakiya da ƙulli biyu a ciki. Ko da rana tsaka zan shiga sai na yi sallama, kuma sai in tsinci kaina a tsaye ina jiran amsa.

Ruwan Bago muka bari ƙarshe saboda ruwa ya ɓata hanya. Aminiyar Inna, Dada muke ce mata kamar yadda 'ya'yanta ke kiranta. Tun suna matasa take kawo wa Inna nono, Inna ta ba ta gero, har abin ya wuce ciniki. Na same ta a gindin tsamiya tana wanke ƙorai. Muka daɗe muna gaisawa, ta tambayi gida, ta tambayi haƙuri, hawaye na zuba ba sauti. Na ba ta nata. Ta kai hanci ta shaƙa, ta riƙe shi a ƙirji wani ɗan lokaci, sannan ta miƙo min.

"Mayar. Ajiye min."

"Dada, ai mai ajiyar ta tafi."

"Adakar ma ta tafi? Na karɓa da hannuna, uwarki ta fita. Yanzu ke na ba. In na bar shi a nan, jikokin nan tatar nono za su yi da shi."

Na karɓa. Sannan na fito da na biyar, na ba ta labarin yawon da na sha. Ko kallon ƙyallen ba ta yi ba. Ni ta kalla, tun daga kai har ƙafa, a hankali.

"Kin duba na kowa?"

"Na kowa, Dada."

"Naki fa?"

Na yi dariya na ce, "Ai wannan kayan tsofaffi ne."

Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Je ki gida ki duba, ɗiyata."

Ranar ban koma ƙauye ba, na sa yayana ya wuce da ni Karaye. Mun isa da la'asar, maigidana yana kasuwa. Na buɗe akwati, zanen yana can ƙasa, kuma tun daga ninkin na gane ba ni na ninke shi ba, ninkin Inna ne. Sai na tuna. Lokacin ɓarina na biyu ta zo jinyata, ta wanke min kaya kaf ta ninke ta jera. Tun daga nan ban sake ɗaura shi ba.

Na baza shi a kan gado. Na bi bakin da yatsa kamar yadda na yi wa na mutane. Kusa da ƙarshe yatsana ya faɗa. An yage siririn ƙyalle, an kalmashe wurin an bi shi da ƙananan ɗinki don kada ya zare. Na san ɗinkin. Da shi aka ɗinke min duk rigar da na yaga ina yarinya. Na kwance ƙyallen daga jikin ƙullin na kara. Rabin ɗigon rawaya na jikin zane, rabin na jikin ƙyalle.

Ban yi kuka ba. Na zauna na dafe cikina. Amana ta iso hannun mai ita, Inna ta fita, amma abin da ya zo min a rai daban ne. Inna ta wanke matan da suka tafi wajen haihuwa ba adadi, ta san kamanninsu. Mutane ma suna cewa masu wanka suna gane wanda ya kusa. Ta zo jinyata, ta dube ni, ta ga abin da ta gani, ta koma gida ta yanka min. Ga ni kuma da wani cikin.

Maigidana ya dawo ya same ni a haka. Da ya fahimta ya ce, "A fitar da shi daga gidan nan."

Na ce, "In kai wa wa? Nawa ne."

Kwanaki na yi abinci ba ya wuce min. Na fara kyautar da kayana, ina bin maƙwabta ina neman yafiya, har wata ta tambaye ni ko kujerar Makka na samu. Da abin ya ishi maigidana ya ce, "Tashi in kai ki wajen tsohuwar nan. Ita ta ɗaura, ita za ta kwance."

Muka koma Ruwan Bago da ƙullin. Shi ya tsaya can wajen maza, ni na ƙarasa gindin tsamiyar. Gaisuwar ma a gurguje na yi.

"Dada, don Allah ki gaya min gaskiya. Me Inna ta gani a jikina?"

"Gani? Uwarki bokanya ce?" Ta riƙe haɓa tana kallona. "Na ce ki je ki duba, ban ce ki je ki mutu ba. Dubi yadda kika koma kamar sillen kara. Zauna."

Na zauna. Ta ce bara waccan an kira Inna nan wajensu wankan wata yarinya da ta rasu a kan gwiwa, uwar yarinyar na zaune a bakin ƙofa ana wanke mata 'ya. Da aka gama Inna ta zo gindin bishiyar nan ta zauna, aka dama mata fura ta kasa sha.

"Sai ta ce min, 'Kullum roƙona Allah ya sa 'yata ce za ta ga bayana, ba ni zan ga nata ba. Amma in ya amsa, to ba ni zan wanke ta ba ke nan. Na wanke 'ya'yan kowa, tawa baƙon hannu ne zai juya ta. Ga ta da tsoro, ko tuwona ba ta ci.' Ta ce za ta ɗinka miki da hannunta ta ajiye. Ko ba komai, ranar ki ji ɗinkinta a jikinki, ki san ba ke kaɗai ba ce."

Na kasa ɗaga kai.

"Kin ma warware shi kin gani?"

"A'a, Dada. Ina tsoro."

"Ai ta faɗa. Kama nan."

Ta kama gefe na kama gefe, muka baza shi a kan tabarma. Tsawon nawa ne, ba ragi ba ƙari. Amma faɗin, sai da muka yi ta warwarewa. Rigar likkafanin kaɗai za ta ɗauki irina biyu.

"Da ta kawo ta nuna min," in ji Dada, "na ce mata wannan ai ɓarnar yadi ce, 'yar taki kamar tsinke. Ta ce, 'Ai ba yanzu za ta sa ba. Jinin ubanta ne, in sun tsufa buɗewa suke kamar rumbu. Ba ki ga gwaggonta ba?' Ba ke ta yau ta yanka wa ba, ɗiyata. Wata ƙatuwar tsohuwa mai jikoki ta yanka wa."

Ban san dariya da kuka suna fita ta ƙofa ɗaya ba sai ranar. Dada ta bar ni na yi mai isata, kamar yadda Gwaggo ta yi, sannan ta turo min ƙwaryar fura da nono. Na shanye tas, ta ƙara min, na sake shanyewa. Maigidana da ya hango ni daga nesa da ludayi a baki, sai na ga ya zauna a kan wani kututture ya rufe fuska da hula.

Na haihu lafiya, mace. Da aka zo rabon gado adakar ni aka ba, ba wanda ya yi gardama, yayana ma har da taya ni ɗaurewa a babur. Na Dada ya zauna a wajena 'yan shekaru. Ranar da aka aiko cewa ta rasu, ni na kai da kaina, kuma a wannan karon na shiga ɗakin. Ni na riƙe buta ina zuba ruwa. Ban gudu ba. Tun daga nan wasu tsofaffin suka fara kawo min nasu, ina yagar bakin zanensu ina ɗaurewa.

Ba zan ce muku na daina tsoro ba. Har yau in na ji sallama ƙasa-ƙasa gabana yakan faɗi, kuma in na tuna maganar tsohuwar Rogo Ruma nakan yi shiru. Abin da ke ci min rai shi ne tuwon nan da na riƙa ƙi. Na ɗauka hannun Inna kashi biyu ne, akwai na gida akwai na can. Ashe guda ɗaya ne. Wanda ya wanke ni ranar da na zo duniya, shi ne ya zauna yana ɗinka min na ranar tafiya, yana ƙara faɗi don in daɗe. In Allah ya kawo muku ranar kwashe kayan iyayenku, ku yi a hankali, ku sa tsoho a kusa. Ba duk abin da ke cikin ɗakin ne nasu ba, kuma wani abin naku ne ba ku sani ba.

Duk ƙarshen damina nakan fito da su in shanya saboda gara, kamar yadda Gwaggo ta ce Inna na yi. Jiya da na zo kan nawa, na ɗan kara rigar a jikina. Na yi jiki yanzu, Gwaggo ma ta shaida kafin ta rasu, amma da sauran wuri. Yadin ya fara ja a wajen ninki. Ina tsaye a haka 'yata ta dawo daga makaranta, ta canja kaya ta fito.

"Umma, wannan yadin na waye?"

"Nawa ne. Kakarki ce ta ɗinka min."

"Ai ya yi miki yawa."

"Ita ma ta sani."

Ta juya za ta wuce, sai ta tsaya cak. Na duba, ashe hannuna ne ya riƙe bakin zanenta, ina murza shi tsakanin yatsu.

"Umma, sake ni mana."

Na sake ta. Allah ya jiƙan Inna, ya amsa min irin roƙon da ya amsa mata.